Me Horatio yake nufi da "beaver", kuma daga ina kalmar ta fito?

Wata malama mai koyar da adabin Turanci a sakandare ta aiko min da tambaya. Suna karanta wasan Hamlet na Shakespeare da ɗalibanta, sai suka iso inda Horatio yake ba Hamlet labarin fatalwar mahaifinsa, ya ce "he wore his beaver up". Wani ɗalibi ya duba ƙamus a waya, ya ga beaver dabba ce mai datse ruwa, aji ya kaure da dariya. Ita ta ce musu hula ake nufi, amma zuciyarta ba ta kwanta ba. Tana son sanin dabba ce, ko hula, ko wani abu dabam, da abin da ya haɗa su, da kuma sunan da za ta ba dabbar da Hausa.

Malama, Allah ya saka miki da alheri da ba ki bar maganar ta wuce haka nan ba. Amsar a taƙaice ita ce, a wannan layin babu dabba, babu hula. Wani sashe ne na kwalkwalin yaƙi, wanda yake rufe fuska. Kuma kalmar da Horatio ya faɗa ba ta da dangantaka ko ta anini da sunan dabbar. Kalmomi biyu ne daga gidaje biyu, suka yi tafiyar ɗaruruwan shekaru kowace a hanyarta, sai a ƙarshe suka faɗa furuci ɗaya da rubutu ɗaya.

Mu ma muna da irin wannan. Ɗauki "lauya". Akwai lauya na kotu, wanda muka aro daga Turanci, akwai kuma lauya ta Hausa tsantsa, wato a karkatar da abu ko a murɗa shi. Sau nawa kika ji ana cewa ai don yana lauya magana ne ake kiransa lauya? Bayanin yana da daɗin ji, har ya fi gaskiyar daɗi, amma ba haka abin yake ba. Ki riƙe wannan misali, domin kusan duk ruɗanin da ke tattare da beaver irinsa ne.

Mu fara da ta kwalkwalin, tunda ita ta kawo ki. Ta shigo Turanci a ƙarni na 15 daga tsohon Faransanci, baviere. Ita kuma daga bave take, wato miyau ko dalala. Asalin baviere shi ne ɗan ƙyallen da ake ɗaura wa jariri a wuya don ya tare dalala. Maƙeran kayan yaƙi suka ƙera farantin ƙarfe mai rufe haɓa da baki da maƙogwaro, yana zama daidai inda ƙyallen jaririn yake zama, sai sunan ya bi shi. Wanda ya taɓa ganin barade a hawan Sallah sanye da lifidi da kwalkwali cikin zafin rana ya san yadda gumi yake yi musu. To, a ƙara farantin ƙarfe a kan baki, mutum yana haki a ciki, numfashi da yawu suna taruwa. Sunan bai yi ƙarya ba.

Akwai wani abu a layin da masu nazarin kayan yaƙi suka daɗe da lura da shi. Farantin haɓa ƙasa ake yi da shi idan ana son ganin fuska. Wanda ake ɗagawa sama shi ne murfin ido da hanci, mai suna visor. Amma a wajajen 1600, lokacin da aka rubuta Hamlet, Turawan Ingila sun riga sun cakuɗa sunayen biyu, suna kiran duk abin da ya rufe fuska a kwalkwali beaver. Shi kansa Shakespeare, a kashi na farko na wasan Henry IV, ya ce an ga yarima Harry "with his beaver on", inda yake nufin kwalkwalin gaba ɗaya. Saboda haka Horatio yana cewa ne murfin fuskar a ɗage yake. Masu rubutu kan kayan yaƙi a yau sukan rubuta bevor don su raba ta da dabbar.

Yanzu ga dabbar. Ana furta sunanta kamar "biba", sai dai ba ɗin ƙarshe haƙoran sama ne suke taɓa leɓen ƙasa. Dangin ɓera da gafiya da beguwa ce, kuma a duk wannan dangi, in aka cire wata dabbar Kudancin Amurka mai suna kafibara, babu mai girmanta. Babba takan kai kilo 20, wata har 30. Wutsiyarta faffaɗa ce kamar filafilin kwalekwale, ƙafafun baya masu fata tsakanin yatsu irin na agwagwa. Haƙoranta na gaba ja ne kamar na wanda ya shekara yana cin goro, saboda sinadarin ƙarfe da ke jikinsu, kuma ba sa daina tsiro, don haka dole ta yi ta gwigwiyar itace. Tana kayar da bishiya, ta ja rassan cikin rafi, ta liƙe da laka da duwatsu har ruwa ya taru, ta gina ɗakinta a tsakiyar tafkin, ƙofar tana ƙarƙashin ruwa. A gandun dajin Wood Buffalo na Kanada akwai madatsar da ta kai kusan mita 850, wadda aka gano a hoton tauraron ɗan'adam a 2007. Babu ita a Afirka, shi ya sa ba mu da sunanta.

Sunan nata yana cikin tsofaffin kalmomin Turanci. Shekara dubu da suka wuce ana rubuta shi beofor. Harafin f idan ya faɗo tsakanin wasula biyu a tsohon Turanci, sautin v yake bayarwa, sai daga baya marubuta suka ɗauko harafin v daga al'adar rubutun Faransanci, kalmar ta koma bever. Wasalin farko ya yi tsawo, sannan babban sauyin wasula da ya auku a Turanci tsakanin ƙarni na 15 da na 17 ya ɗaga shi daga "e" zuwa "i". Rubutun ea shaida ce ta tsohon furucin da aka bari a baya.

Idan aka waiwaya maƙwabta sai a ga dangi ko'ina: Biber a Jamusanci, bever a harshen Holan, bobr a Rashanci, bebras a harshen Lituweniya, fiber a Latin. Masana sun haɗa su duka suka koma ga kalma guda a uwar harsunan Indiya da Turai, wadda suke sake ginawa kamar bhebhrus. Kada f ɗin Latin ta ruɗe ki. Doka ce mai tafiya daidai: tsohon sautin bh a farkon kalma yakan zama b a Turanci da Jamusanci, ya zama f a Latin. Shi ya sa ɗan'uwa yake brother a Turanci, frater a Latin, bhratar a Sanskrit, tsohon harshen Indiya. Da irin wannan doka ake tabbatar da dangantakar kalmomi, kamannin kunne kaɗai ba ya isa.

Me bhebhrus take nufi? Tushenta bher, launin ruwan ƙasa, tushen da ya ba Turanci brown. An maimaita gaɓar farko, kamar yadda muke yi a sunayen tsattsewa da ƙyanƙyaso da kwarkwata. Wato mutanen farko sun kira ta "mai ruwan ƙasa" ne kawai, kamar yadda mahaya suke kiran doki da launinsa, akawal ko kili. Abin da ya fi burge ni a nan shi ne Sanskrit. Waɗanda suka gangara Indiya sun bar ƙasar da dabbar take, amma kalmar ta bi su. Babhru a wurinsu tana nufin ja mai ruwan ƙasa, suka kuma ɗora ta a kan wata dabbar da suka tarar a can, wani babban tunku. Suna ya yi tafiya, mai sunan ya tsaya a gida.

Sunayen garuruwa ma sun adana ta bayan dabbar ta ɓace. Beverley a arewacin Ingila daga sunanta yake, har yau tana cikin tambarin garin. Haka Biberach a Jamus, da Babruysk a Belarus. A Faransa akwai ƙoramar Bièvre da ke shiga Paris, wadda aka rufe da gini, ana danganta sunanta da tsohon sunan dabbar a Faransanci, bièvre.

Hasashenki na hula yana da tushe, kuma a nan ne tarihin kalmar ya fi nauyi. Gashin dabbar hawa biyu ne. Na sama dogo ne mai kauri, na ƙasa gajere ne, mai laushi da cunkoso, kuma kowane sili yana da 'yan ƙayoyi da ido ba ya gani. Idan aka cuɗa shi da zafi da laima, silin yakan sarƙe da juna ya zama kamar ƙyalle, ba saƙa ba ɗinki, ruwa ba ya ratsa shi, siffarsa ba ta lalacewa. Masu yin hula sukan tsige dogon gashin, su aske na ƙasan, su zuba a kan tebur. Sai su ɗauko wani dogon baka, su riƙa kaɗa tsirkiyar cikin gashin yana tashi yana sauka a baje, daidai yadda tsofaffinmu suke yi wa auduga da bakan shiɓa. Daga nan a danne, a tsoma a tafasasshen ruwa, a murza, ya tsuke ya yi kauri, sannan a ɗora shi a kan gungumen itace mai siffar kai, irin wanda masu wankin hula suke amfani da shi, a goge har ya yi sheƙi.

Tun a ƙarshen ƙarni na 14 mawaƙi Chaucer ya siffanta wani ɗan kasuwa sanye da hular "bever" ta ƙasar Filandas. Zuwa ƙarni na 17 an daina ma ambaton hula, beaver kawai ake cewa, kamar yadda Bahaushe zai ce ya sa haɓar kada, ba wanda zai waiwaya neman kada. Wani jami'in rundunar ruwan Ingila, Samuel Pepys, ya rubuta a littafin da yake ajiye al'amuran yau da kullum, ranar 27 ga Yuni 1661, cewa an aiko masa da "bever" da ta ci masa fam 4 da sule 5. A lokacin 'yar aikin gida a Landan fam 3 zuwa 4 take samu a shekara. Hula ɗaya ta fi gumin shekarar mutum. Shi ya sa ake barin ta cikin wasiyya, ake kuma fizge ta daga kan mai ita a titi.

Dabbar ce ta biya wannan ado. Wani malamin coci, Gerald na Wales, ya rubuta a labarin tafiyarsa ta 1188 cewa a duk ƙasarsa kogin Teifi kaɗai ya rage da ita. Ya kuma ce a Jamus da ƙasashen arewa masu ibada suna cin wutsiyarta a kwanakin azuminsu, lokacin da aka hana nama, suna lissafa ta cikin kifi. Zuwa ƙarni na 16 ta ƙare a Birtaniya. A farkon ƙarni na 20, irin na Turai da Asiya bai wuce kusan 1,200 ba a duniya. Sai a 2009 aka fara mayar da ita Birtaniya a hukumance, a Knapdale ta ƙasar Sikotlan.

Da ta yi ƙaranci a Turai, 'yan kasuwa suka juya Arewacin Amurka. A can Faransawa suka raba fatar kashi biyu. Akwai busasshiya, castor sec, wadda aka feɗe aka shanya. Akwai kuma mai maiƙo, castor gras, wadda 'yan asalin ƙasar suka ɗinka suka yi mayafi, suka sa gashin yana taɓa jiki na tsawon watanni, har dogon gashin ya zube da kansa, gumi da maiƙon jiki suka tausasa na ƙasan. Wannan ta biyun ita ta fi tsada, domin rabin aikin mai hula an riga an yi. Tsohon mayafin mafarauci shi ne yake komawa hular basarake a Paris da Landan.

Ranar 2 ga Mayu 1670 Sarki Charles na Biyu ya ba Kamfanin Hudson's Bay takardar izini, da ikon ciniki a kan ƙasa mai faɗin gaske a abin da yake Kanada yau. A shagunan kamfanin ba a lissafi da fam da sule. Ma'aunin shi ne made beaver, wato fatar babbar dabba guda, mai kyau, da aka gyara. Bindiga takan kai 10 zuwa 14, gwargwadon wuri da tsawonta. Bargo, tukunya, gatari, taba, kowanne da farashinsa da wannan ma'auni, har fatun wasu dabbobi da shi ake kimanta su. Daga baya kamfanin ya buga kwabban tagulla masu wannan suna. Nan kalmar ta zama kuɗi. Bahaushe ba zai yi mamaki ba, domin kalmarmu ta "kuɗi" jam'in "wuri" ce, kwanson wata halittar teku da fatake suka kawo mana daga nesa.

Ba na son a karanta wannan a matsayin labarin ciniki kawai. Yaƙe-yaƙen da ƙabilun Irokwa suka yi da maƙwabtansu a ƙarni na 17, waɗanda suka tarwatsa al'ummar Huron a wajajen 1649, littattafan tarihi Beaver Wars suke kiransu, domin neman mallakar wannan kasuwa yana cikin manyan dalilansu, Turawan Holan da Ingila da Faransa kuma suna ba da bindigogi. Su ma masu yin hula ba su tsira ba. Da fatar ta yi tsada aka koma cakuɗa gashin zomo, shi kuma ba ya sarƙewa sai an jiƙa shi da ruwan zaiba. Tururin zaibar ya riƙa shiga jikinsu, hannu yana rawa, haƙora suna zubewa, hankali yana taɓuwa. Abin da ya sassauta wa dabbar shi ne sauyin yayi: daga wajajen 1830 zuwa 1840 hular siliki ta karɓe kasuwa. Duk da haka sunan ya zauna a kan wani yadin ulu mai kauri da ake ɗinka rigar sanyi da shi, ko da yake babu silin gashin dabbar ko ɗaya a ciki.

Kin ga na ambaci castor. Wannan suna ne na biyu, daga Girkanci kastor, ya bi ta Latin ya shiga Faransanci ya kori bièvre. A Turanci ma an taɓa kiran hular castor. Da masanin halittu Linnaeus ya zo raɗa wa dabbobi sunayen kimiyya a 1758, sai ya haɗa sunayen Latin biyu ya ce Castor fiber, kamar a ce "biba biba". Ta Amurka kuwa Castor canadensis ce.

Da wannan suna ne wata tsohuwar ƙarya ta yi tafiya. Dabbar, mace da namiji, tana da 'yan jakunkuna biyu kusa da gindin wutsiya, masu fitar da wani abu mai kauri da ƙarfin ƙamshi, kwatankwacin jibda a wurinmu. Da shi take shata iyakar gidanta. Ana kiransa castoreum, an daɗe ana magani da turare da shi. Mutanen zamanin baya sun ɗauka jakunkunan 'ya'yan maraina ne. Sai labari ya bazu, har cikin tatsuniyoyin Aesop na tsohuwar Girka, cewa idan mafarauci ya matsa mata, takan ciji marainanta ta yar masa don ta tsira da rai. Wani malamin coci a ƙasar Sifen, Isidore na Seville, wanda ya rasu a 636, ya ɗora a kai ya ce ai castor daga castrare take, wato dandaƙa. Lauya da lauya ke nan kuma. Marainan dabbar a cikin ciki suke, bakinta ba zai kai gare su ba, kuma likitan Ingila Thomas Browne ya ƙaryata labarin a rubuce a 1646. Kuskuren ya shiga har littattafan ɗibbu na Larabci. Wanda ya leƙa Ƙanun na Ibn Sina zai ci karo da magani mai suna jundubadastar, kalmar Farisanci ce mai nufin marainan wannan dabba.

Man zurma da Turawa suke kira castor oil kuwa, daga tsiron zurma yake, irin wanda ke fitowa a bayan gida da bakin juji, babu abin dabba a cikinsa. Masana sun kasu biyu kan sunan: wasu sun ce don ya maye gurbin castoreum a magani ne, wasu sun ce an rikita tsiron ne da wani mai suna agnus castus.

Sauran ma'anonin da suka fito daga dabbar ba su da wuyar ganewa. Ƙwazonta ya ba Turanci "busy as a beaver", abin da mu za mu ce agogo sarkin aiki. "To beaver away" shi ne a duƙufa kan aiki ba ɗaga kai. "Eager beaver" ta yaɗu ne daga bakin sojoji a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, kuma ki faɗa wa ɗalibanki ba yabo ba ne zalla. Mai rawar kai ake nufi, mai zaƙewa don oga ya gan shi. Kanada ta sa hoton dabbar a jikin kan sarkin wasiƙa na farko da ta buga a 1851, tana kan kwabonta na santi 5 tun 1937, ta kuma ayyana ta alamar ƙasa a 1975. Akwai ma al'umma a yammacin Kanada, Dane-zaa, da Turawa suka daɗe suna kiran su Beaver, su da harshensu.

Akwai ma'ana biyu ta bakin titi da ya kamata malami ya sani. A farkon ƙarni na 20 kalmar ta zama sunan gemu da mai gemu a Ingila. A 1922 wani wasa ya yi tashe a can: matasa suna tafe a titi, wanda ya riga hango mai gemu sai ya yi ihu "Beaver!", ana ƙirga maki irin na wasan tanis. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya gemu ya fita yayi a wurinsu, galibi dattawa ne suka rage da shi, su ne kuma aka mayar abin tsokana. Wasu suna ganin laushin gashin dabbar ne ya jawo sunan, wasu suna ganin farantin haɓar nan ne, tunda inda yake zama nan gemu yake. Idan na biyun ne, to ƙyallen dalalar jariri ya zagayo ya zama gemun dattijo.

Ɗayar kuma, a yi min afuwa, ta batsa ce. Tun wajajen 1927 ana amfani da kalmar a karin maganar banza a nufi al'aurar mace, kuma wannan ma'ana tana da ƙarfi a Amurka da Kanada har yau. Ban kawo ta don komai ba sai don ɗalibanki suna bincike a waya. Illarta ta kai ga cewa wata kwaleji a jihar Pennsylvania mai suna Beaver College ta koma Jami'ar Arcadia a 2001, mujallar tarihin Kanada mai suna The Beaver, wadda aka kafa tun 1920, ita ma ta sauya suna a 2010, domin manhajojin tace batsa a makarantu suna toshe shafinta da saƙonninta na intanet. Idan za ki tura yara neman hoton dabbar, ki ce su rubuta Castor fiber.

Saura gida biyu da ba su haɗa jini da dabbar ko da kwalkwalin ba. A ƙauyukan kudanci da gabashin Ingila manoman da can suna da bever, wasu su rubuta beaver, ɗan abin da ake ci a sha da hantsi a bakin gona, kamar furar da ake kai wa masu noma. Daga Latin bibere take, wato sha, ta biyo ta Faransancin Normandi, 'yar ɗaki ɗaya da beverage. Sai kuma fadar Belvoir a Leicestershire, gidan sarautar Rutland. Rubutun Faransanci ne, "kyakkyawan hange", sunan da Normandawa suka kawo bayan sun ci Ingila a 1066, amma bakin mutanen wurin ya mayar da shi "biba", kuma haka ake furta shi har yanzu. Wasu masu sunan iyali Beaver daga irin wannan sunan wuri suka samo shi. A Paris kuma, a 1929, wani ɗalibi mai suna René Maheu, wanda daga baya ya shugabanci UNESCO, ya lura cewa sunan abokiyar karatunsa Simone de Beauvoir ya yi kama da beaver, sai ya fassara ya laƙaba mata Castor. Da wannan laƙabi masanin falsafa Jean-Paul Sartre ya kira ta har ƙarshen rayuwarsa.

Game da sunan Hausa, na sha ganin ana rubuta "karen ruwa", kuma ban yarda da shi ba. Karen ruwa dabba ce da muke da ita a kogunanmu, mai cin kifi, siririya, mai doguwar wutsiya. Wannan kuwa ɓawon itace da ganye take ci, ba ta taɓa kifi. Wanda ya ce mata karen ruwa ya sa wa mai karatu hoton wata dabba dabam a ka. "Ɓeran ruwa" ya fi kusa ta fuskar dangi, sai dai yana ƙanƙantar da dabbar da ta kai nauyin ƙaramar akuya. Shawarata ita ce a aro sunan a ce "biba", kamar yadda muka aro sunayen abubuwa da yawa da ba mu da su, a karon farko a ƙara bayani: dabbar ruwa dangin gafiya, mai faffaɗar wutsiya, mai datse rafi da itace.

Idan kin koma aji, ki mayar da su kan tambayar da ta jawo layin. Horatio ya ce fatalwar tana sanye da kayan yaƙi daga kai har ƙafa. Hamlet, wanda yake son ya tabbata mahaifinsa ne, ya ce to ashe ba ku ga fuskarsa ba. Amsar da Hausa ita ce: "Ƙwarai mun gani, ranka ya daɗe, ai murfin kwalkwalinsa a ɗage yake." Saboda murfin a ɗage yake ne Horatio ya iya cewa fuskar ta fi nuna baƙin ciki a kan fushi, ta koɗe, idanun kuma sun kafe a kansu. Ki ce su gangara layi kaɗan, inda Hamlet ya tambayi gemun. Horatio ya ce "a sable silver'd", baƙi ne da furfura ta ratsa. Wannan sable ɗin, mai nufin baƙi, yawancin masana suna danganta ta da sunan wata ƙaramar dabbar dazukan Rasha da ake farauta don gashinta, sobol a harshensu. Ɗalibin da ya je neman dabba a wannan shafi, a can zai same ta.